In tsohuwar a-kori-kura ta fara karkarwa

Tawa mai silinda 4 ce, kuma duk ranar da ta kama rawar jiki ba na fara taɓa tayimin, wato saitin lokacin da wuta ke tashi a fulogi. Fulogi nake bi tukuna. Ka tada injin ya yi zafi, ka riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba. Wadda ka cire amma muryar injin ba ta sauya ba, silindar nan ba ta aiki. Ka duba jerin wayoyin ma, yawancin irin wannan injin 1-3-4-2 ne.

In duk lafiya lau, sai tayimin. Maƙala fitilar tayimin a wayar fulogi na 1, cire tiyon iskan distiributa (na'urar da ke raba wa fulogi wuta) ka toshe shi, ka haska alamar da ke jikin fuli. Sassauta notin da ke riƙe da distiributa, ka juya distiributa kaɗan-kaɗan har alamar ta zo kan digirin da kamfani ya rubuta. Kada ka saita da kunne kawai, na taɓa yi, a hawa injin ya dinga ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Wuta ce ta yi gaggawa, kuma tana cin fistin. In ta makara, mota ba ƙarfi, ga zafi.

Karkarwa ta ƙi tafiya? Leƙa robobin da injin ke zaune a kai, wataƙila ɗaya ta tsage.