Yadda Ake Haɗa Allon Rubutu na LCD da Arduino Uno

Allon da aka fi amfani da shi wajen wannan aiki shi ne mai layi 2, wanda kowane layinsa ke ɗaukar harufa 16, kuma galibi ana sarrafa shi ne bisa tsarin HD44780 na kamfanin Hitachi. Laburaren LiquidCrystal, wato tarin umarnin da aka riga aka rubuta, wanda ke zuwa tare da manhajar Arduino, an rubuta shi ne domin irin wannan allo, saboda haka babu buƙatar sauke wani abu daga intanet.

Allon yana da ƙafafu 16 a jere, kuma sau da yawa yakan zo ba tare da an liƙa masu filoli ba. Wajibi ne a liƙa su da dalma tun farko, domin wayar da aka cusa a rami kawai takan sa rubutu ya riƙa zuwa yana ɗaukewa. Ƙafa ta 1 za ta tafi GND, wato ƙafar negatif ta Arduino, ta 2 kuma ta tafi ƙafar bolt 5 ta Arduino. Ƙafa ta 4, wato RS, a haɗa ta da ƙafa ta 12 ta Arduino, ta 6, wato E, a haɗa ta da ta 11, sannan a kai ta 5, wato RW, zuwa GND, tunda aika wa allon rubutu kawai za a yi, ba karanta shi ba. Ƙafafun saƙo takwas ne, amma huɗu sun wadatar: D4, D5, D6 da D7 na allon su tafi ƙafa ta 5, 4, 3 da 2 ta Arduino bi da bi, a bar sauran huɗun haka nan. Fitilar bayan allo tana kan ƙafa ta 15 da ta 16. Ta 15 ta bi ta rezista mai om 220 zuwa bolt 5, ta 16 kuma GND.

Ƙafa ta 3 ce ta fi wahalar da masu koyo, domin ita ke daidaita duhun rubutu. A samo rezista mai murɗi ta om 10,000, a kai gefenta ɗaya bolt 5, ɗayan GND, a haɗa ƙafarta ta tsakiya da ƙafa ta 3 ta allon. Idan fitila ta kama amma babu ko ɗigo, kada a yi gaggawar cewa allon ya ƙone. A murɗa rezistar a hankali har rubutu ya fito. Idan kuwa baƙaƙen akwatuna ne suka cika layin sama kaɗai, to wuta ta shiga amma umarni bai isa ba, sai a koma kan wayoyin RS, E da RW.

A cikin manhajar, a fara da `#include <LiquidCrystal.h>`, a biyo da `LiquidCrystal lcd(12, 11, 5, 4, 3, 2);`, kuma dole jerin lambobin nan ya dace da yadda aka haɗa wayoyin. A cikin `setup`, sashen da ke gudana sau ɗaya a farko, a sa `lcd.begin(16, 2);` sannan `lcd.print("Sannu da zuwa");`. Lissafin gurbi daga sifiri yake farawa, don haka `lcd.setCursor(0, 1);` na nufin farkon layi na biyu. Ban ga amfanin sa `lcd.clear();` a kowane zagayen `loop`, sashen da ke ta maimaituwa, ba, domin yana sa allon ƙyaftawa; ya fi kyau a rubuta sabon abu a kan tsohon, a cike ragowar gurbin da sarari.

Mai rubuta Hausa zai ci karo da wata matsala ta daban, wato babu ƙ, ɗ da ɓ a cikin harufan da aka ɗora wa allon. Idan aka aika masa kalmar "ƙofa" kai tsaye, sai wasu alamomi marasa ma'ana su fito a gurbin ƙ. Mafita ita ce allon ya ba da damar zana harufa 8 na ƙashin kai, kowanne mai faɗin ɗigo 5 da tsawon ɗigo 8. Ga ƙ, alal misali: `byte ka[8] = {0b01100, 0b10000, 0b10010, 0b10100, 0b11000, 0b10100, 0b10010, 0b00000};`. Kowace lamba layi ɗaya ce ta zanen, 1 ɗigo ne mai duhu, kuma layin farko shi ne lanƙwasar saman harafin. A ajiye shi da `lcd.createChar(0, ka);`, a sake kiran `setCursor` kafin wani rubutu, sannan a fito da shi da `lcd.write(byte(0));`, a biyo da `lcd.print("ofa");`. Gurbi shida sun ishi ƙananan harufan uku da manyansu, biyu kuma su rage wa ƴ da babbanta ga mai bin ƙa'idar rubutun Nijar.