Darasi na Tara: Karen Azawak da Yadda Ake Kula da Shi

A arewa maso yammacin Nijar akwai wani babban kwari busasshe da ake kira Azawak. Ya ratsa arewacin jihar Tawa, wajen Abalak da Cintabaradan, ya miƙa har Menaka a ƙasar Mali. Masu kiwo sun san shanun Azawak saboda yawan nononsu. A nan ne kuma asalin wani irin kare dogo, siriri, mai tsananin gudu, wanda Buzaye da Fulani suka daɗe suna riƙewa tun kaka da kakanni. Ana samun sa har arewacin Burkina Faso.

Kamanninsa

Ƙafafunsa dogaye ne ƙwarai. Tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa ya fi tsawon gangar jikinsa. Namiji yakan kai santimita 64 zuwa 74, nauyinsa kilo 20 zuwa 25. Macen ba ta kai shi ba: santimita 60 zuwa 70, kilo 15 zuwa 20. Ƙirjinsa mai zurfi ne, cikinsa a shafe, kansa siriri, kunnuwansa a kwance. Gashinsa gajere ne, a ciki ma kusan babu. Galibi ja ne ko launin rairayi, wani da ratsin baƙi, sau da yawa da fari a ƙirji da ƙafafu da kan wutsiya.

An ce in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. To, wannan ba da hanci yake aikinsa ba, da ido yake yi. Yana hango zomo ko barewa daga nesa, ya bi ta da gudun da kan kai kilomita 60 a awa ɗaya. Dangoginsa a irin wannan farauta su ne Saluki na ƙasashen Larabawa da Farisa, da Sulugi na Arewacin Afirka. An fara kai shi Turai a farkon shekarun 1970, kuma babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta shigar da shi cikakken rajista a 2019.

Rama ko halitta?

Nan ne mutane da yawa suke kuskure, don haka ku karanta a hankali.

Karen Azawak mai lafiya ana ganin haƙarƙarinsa, ana ganin ƙasusuwan ƙugunsa. Haka Allah ya halicce shi. Fatarsa siririya ce, kitse kaɗan ne a jikinsa. Wanda bai sani ba sai ya yi ta ɗura masa abinci don ya yi ƙiba, alhali ƙiba tana wahalar da gaɓoɓinsa, tana rage masa gudu. Wani kuma sai ya fake da cewa ai dama haka yake, ya bar shi da yunwa. Wannan na biyun ya fi muni, domin zalunci ne.

Yaya za ku gane? Ku dubi cinya da kafaɗa. Mai lafiya tsokarsa a cike take, da tauri idan aka taɓa. Idonsa garau, gashinsa yana sheƙi, yana tashi da sauri idan aka kira shi. Wanda yunwa ko cuta ta kama, cinyarsa takan zube, ƙashin bayansa ya fito gaba ɗaya, gashi ya yi furu-furu, ya riƙa kwanciya ba ƙarfi. Ku ɗaga leɓensa ku ga dasashi. Idan ya yi fari, jini ya ragu, kuma yawanci kaska ce ko tsutsar ciki ta jawo.

Halinsa

Yana shaƙuwa da mutanen gidansu sosai, amma ba ya sakin jiki da baƙo. A zangon makiyaya shi ne mai gadi: yana haushi idan dila ko kura ko ɓarawo ya tunkaro dabbobi. Duka ba ya gyara shi, sai dai ya mai da shi matsoraci ko mai cizo. Tun yana kwikwiyo ku bar shi ya saba da yara da awaki da kaji, ana kallon sa. In ba haka ba, duk abin da ya ruga zai bi.

Ba karen ɗauri ba ne. Wanda ba shi da filin da zai sake shi ya yi gudu kullum, da safe ko da yamma, gara ya haƙura da riƙe shi.

Ci da sha

A daji makiyaya kan ba shi gero da nono, da ɗan nama idan an samu. A gida ma haka ya isa: tuwo ko dafaffen gero, kindirmo, guntun nama, kifi ko ƙwai. Tuwo zalla ba ya riƙe kare, musamman karya mai shayarwa da kwikwiyo. Babba ya ci sau biyu a rana, ƙarami sau uku ko huɗu. Kada ya yi gudu da zarar ya ƙoshi, domin karnuka masu zurfin ƙirji cikinsu kan kumbura ya murɗe, kuma hakan yana kisa cikin sa'o'i.

Kada ku ba shi goro, cakulan, ko abinci mai yawan albasa, duk guba ne ga kare. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soke hanji. Idan an yi yanka aka ga hanta ko huhu da ƙullutu mai ruwa a ciki, a binne shi da zurfi ko a ƙone. Karen da ya ci shi yakan ɗauki wata tsutsa, ya zubar da ƙwanta a kashinsa, daga nan ta koma kan dabbobi da mutane.

Ruwa mai tsabta ya kasance a gabansa koyaushe, a kwanonsa na kansa. Ya zo a hadisi ingantacce cewa Allah ya gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Shari'a ta yarda a riƙe kare don farauta, ko tsaron dabbobi, ko gona, kuma aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta yi magana a kan dabbobin farauta da aka horar. Idan ya sa baki a ƙwaryar mutane, a wanke ta sau bakwai.

Zafi ba ya damun sa kamar sanyi. Da hunturu ku shimfiɗa masa buhu ko tsohon bargo a lungun da iska ba ta bugawa.

Rigakafi, da abin yi idan kare ya ciji mutum

Haukan kare cuta ce da ba ta da magani idan alamunta suka bayyana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma yara suna da yawa a cikinsu. Kusan duka daga cizon kare ne. Abin takaici, allura ce kawai take hana wannan. A yi wa kwikwiyo ita yana da wata uku, a maimaita kowace shekara, a adana takardar. A Nijeriya cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, a jihar Filato, tana yin wannan allura. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da cutar a duniya, kuma a wasu wurare akan yi allurar kyauta a lokacin.

Idan kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. Kada a tsaya shafa toka ko ganye. A tafi asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne. Karen kuma a killace shi, a sa masa ido kwana goma, a sanar da malamin dabbobi.

Kaska kuwa, ku duba cikin kunne, wuya da tsakanin yatsu, ku cire ta duka har da kan. Maganin tsutsa duk wata uku. Kada ku yi masa wanka da maganin feshin gona, ku nemi na dabbobi. Idan za a yi masa aiki, ku tuna wa likita cewa ba shi da kitse sosai, saboda wasu magungunan sa barci suna daɗewa a jikin irin waɗannan karnuka.

Karyar Azawak galibi sau ɗaya take neman barbara a shekara, cikinta kwana 63 ne ko kusa da haka. Kada a raba 'ya'yan da uwarsu kafin mako takwas.

Game da farauta: barewa ta yi ƙaranci a dajin Sahel, kuma doka ta kare wasu nau'o'inta. Ku tambayi ma'aikatan gandun daji kafin ku fita.

Aiki

1. Faɗi alamu biyu da ke nuna kare ya rame saboda cuta, ba halitta ba.
2. An yi wa karya barbara ranar 1 ga Oktoba. A wane wata ake sa ran haihuwarta?
3. Kare ya ciji ɗan maƙwabcinku. Rubuta abin da za ku fara yi, da minti nawa za ku yi kuna yin sa.
4. Kafin darasi na gaba, ku je ofishin malamin dabbobi mafi kusa, ku tambayi kuɗin allurar haukan kare da ranar da ake yin ta, ku rubuta a littafinku.