Daga Jos Zuwa Gandun Daji: Inda Muka Fi Tafka Kuskure

Mu mutanen Jos sanyi ya shagwaɓa mu. Garinmu na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sai mu ɗauka ko'ina haka yake. Shi ya sa za ka ga iyali sun cika but da suwaita da barguna a watan Maris, wai za su Yankari, ba wanda ya tuna da hular rana ko isasshen ruwan sha. Da an gangara an wuce Tilden Fulani aka doshi Nabordo, sai ka ji yara sun fara tuɓe riguna. Duk sauran kurakuran daga nan suke tasowa: mun ɗauki daji ɗaya ne, alhali kowane da nasa hali.

Tsofaffin gandayen da ke hannun Gwamnatin Tarayya bakwai ne: Gashaka-Gumti, Tafkin Kainji, Kamuku, Tafkin Chadi, Kuros Riba, Okomu da Tsohuwar Oyo. Akwai mai tsaunuka, akwai kurmi mai duhu, akwai mai tudun rairayi kamar Bulatura a Yobe. Yankari ba ya cikinsu. An mai da shi na tarayya a 1991, amma tun 2006 ya koma hannun Jihar Bauchi. Don haka mai neman ɗaki a sansanin Wikki, masaukin baƙi da ke cikin Yankari, Bauchi zai tuntuɓa, ba hedikwatar hukumar gandayen daji da ke Abuja ba.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne na lokaci. Mukan tafi ne sa'ad da yara suka sami dogon hutu, wato tsakiyar marka. Dajin kam ya yi kore shar, hoto zai yi kyau, amma kallon kitse ake wa rogo. Ciyawa ta fi mutum tsayi, kowane kwari da ruwansa, to me zai fito da giwa bakin hanya? A Yankari, daga Fabrairu zuwa Afrilu ne tafkuna ke ƙafewa, namun daji su gangaro Kogin Gaji dole. Za ka sha zafi, amma a lokacin ne ake ganin ɓauna da gwanki, in da rabo har garken giwaye. Dagona kuwa, matattarar tsuntsayen ruwa da ke can wajen Gashuwa, lissafinta daban ne. Tsuntsayen da ke zuwa daga Turai da hunturu suke sauka, wanda ya bari sai bazara ta kankama zai tarar sun kama hanyar gida.

Sai masu zuwa da tunanin gidan zu. Yaranmu sun saba da wurin ajiye namun daji na nan Jos, inda dabba ke bayan waya tana jiran mai kallo. Yankari ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma ba dabbar da ta yi alƙawari da kai. Ka shiga motar zagaye da sassafe ko da la'asar sakaliya, domin da rana tsaka ko gadu yana cikin rami. Ka kwana biyu, kada ka ce za ka je ka dawo a yini guda. Jos zuwa Bauchi kusan awa biyu ne, sannan ka ɗauki hanyar Gombe, ka karya a Dindima, kuma ko ka isa ƙofar Mainamaji da sauran tafiyar kusan kilomita 40 kafin sansani. A cikin mota kuma a yi shiru. Na taɓa zama kusa da wani da ya saki waƙa a waya, har ɗan jagora ya juyo ya ce, "Alhaji, don Allah, namun ma suna da kunne."

Gwaggon biri fa? Duk wanda ya raina shi zai biya. Zuwanmu na farko ɗana ya fita ya bar ƙofa a sakaye, ni ina alwala. Sai na ji uwargida ta kwarma ihu: "Malam, ga shi can da ledar!" Na leƙo na same shi zaune a kan dakali, ya yage ledar dambun naman da aka kwana ana yi, yana ci yana kallona ido cikin ido, ko gezau. Laifinmu ne, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A kulle ƙofa da taga, a ɗaga gilashin mota, kada yaro ya yi yawo da leda a hannu, kada kuma a jefa musu abinci don a ɗauki bidiyo. A bakin ruwan Wikki ma a bar mutum ɗaya wajen kaya. Ruwan nan ɗuminsa na nan a wajen digiri 31 rani da damina, garau har kana ganin yashin ƙasa, kuma wannan hasken ne ke ruɗin mutane: wajen dutsen da yake ɓuɓɓugowa ya fi zurfi, ba wurin sakin ƙaramin yaro ba ne.

Gashaka-Gumti wata duniya ce. Shi ne mafi girma a ƙasar, ya ratsa Taraba da Adamawa, kuma a can Chappal Waddi yake, ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijeriya, mita 2,419. Masu kuskure sukan taho da ƙaramar mota da takalmin zuwa biki. Daga Jos yini guda ne cur kafin ka bi ta Bali ka isa Serti, inda ofishin gandun yake, daga nan kuwa sai mota mai tsayi irin Hilux, wani wurin ma sai sayyada. Damina na faɗuwa da wuri, koguna su cika su datse hanya, don haka Disamba zuwa Maris ya fi. Hawan tsaunin aikin kwanaki ne tare da ma'aikatan daji, kuma a nan ne suwaitar Jos ke da rana. A ƙasa cikin kurmi kuwa ƙudan tsando ne sarki. Baƙin tufafi da shuɗi suke bi, sai ka nemi mai ruwan ƙasa, mai dogon hannu.

Maganar tsaro ba a yi mata kara. Kamuku yana yankin Birnin Gwari, Kainji ma ya sha fama da 'yan bindiga a 'yan shekarun nan. Kada hoton da ka gani a Facebook ya yanke maka shawara, wataƙila ya shekara goma. Ka kira ofishin gandun, ka tambayi direbobin tasha masu bin hanyar kullum, kuma kada magariba ta same ka a kan titi.

Ka cika tanki a babban gari, ka riƙe tsabar kuɗi da canji. Sabis yakan ɗauke a daji, kuma mai sayar da ruwa a ƙauyen ƙarshe ba zai tsaya jiran taransfa ta shiga ba.