Yadda Za a Haɗa wa Yara Fenti da Kayan Koyo Daga Abin da Ke Cikin Gida

Duk wanda ya tsaya a ƙofar fadar Zazzau ya dubi zanen da ke jikin bangonta, ko ya ji labarin Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani ya gina da laka da azara a zamanin Sarki Abdulkarimu, ya san cewa mutanen Zariya sun daɗe suna fitar da kyau daga abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu. Saboda haka ba na ganin dalilin da zai sa a hana yaro zane don kawai akwatin fenti ya yi tsada a kasuwar Sabon Gari, alhali launukan da yake bukata suna nan a madafi.

A fara da launi. A jiƙa tafi ɗaya na busasshen zoɓo a rabin kofi na ruwan zafi, a bar shi kamar minti 15, sannan a tace, za a samu ja mai duhu. Cokali ɗaya na garin kurkum da aka dama da ruwa kaɗan yana ba da rawaya. Baƙi kuwa, a daka gawayi ya yi laushi, a tankaɗe, a haɗa da ɗan jiƙaƙƙen ƙaro kamar yadda ake yi wa tawadar allo, domin ƙaron ne ke riƙe launin a jikin takarda bayan ya bushe. Jar ƙasa da farar ƙasa su ma launuka ne. Abin da nake roƙo a guje masa shi ne baƙin garin cikin batir, wanda wasu ke shafa wa allon bango, domin guba ne, kuma hannun ƙaramin yaro ba ya nisa da bakinsa.

Akwai wani gwaji da ya fi kowanne burge yara. A raba ruwan zoɓon a murafe uku. A bar na farko yadda yake, a ɗiga lemun tsami a na biyu, sai jansa ya ƙara haske, a ɗiga ruwan kanwa a na uku, nan take sai ya rikiɗe ya koma shuɗi-shuɗi ko kore. Kurkum ma idan ya haɗu da kanwa yakan koma ja. Dalili shi ne launin zoɓo yana sauyawa gwargwadon tsami ko kanwar da ke cikin ruwan. Na ga yarinya 'yar shekara biyar ta riƙe cokalin da hannu biyu, ta zura ido cikin murfin, ta ce: "Umma, wa ya canza shi?" Kada a yi gaggawar ba ta amsa. A bari ta sake ɗigawa da kanta, ta faɗi abin da take tsammani kafin ta gani.

Burushi ba matsala ba ne, domin asuwakin da aka dandaƙa bakinsa ko gashin kaza da aka wanke sun wadatar, kwalin sabulu ko na taliya da aka warware kuma ya zama takarda. Idan aka yanka kuɓewa a tsakiya aka tsoma cikin launi aka danna, tana barin tambari mai kama da fure, wanda yaro zai jera ya yi ado ko ya ƙirga. Gam kuma, cokali biyu na sitaci a kofi ɗaya na ruwa, a dama a kan wuta har ya yi kaurin koko, a bari ya huce.

Domin gina siffofi da hannu, laka ta fi fulawa sauƙi a wannan zamani na tsadar abinci. Babba ne zai ɗebo ta, kada a aiki yara bakin kogin Kubanni ko kududdufi, musamman da damina. A tsince tsakuwa, a kwaɓa ta yi laushi, sai yaro ya murza ta kamar igiya ya lanƙwasa harafin farko na sunansa, na boko da na Larabci, a shanya a inuwa domin rana mai zafi tana tsattsaga ta. Harafin da yaro ya gina da yatsunsa ya fi zama a kansa fiye da wanda aka nuna masa a allo. Bayan girbi kuma, karan dawa yana ba da mota da gado da tabarau, sai dai babba ne zai fere sillen, saboda yana yanka hannu kamar reza.

Domin lissafi, a tara murafen kwalba 20, a zana da'ira biyar a ƙasa da gawayi, a rubuta 1 zuwa 5, yaro ya zuba wa kowace adadinta. Wanda bai kai shekara uku ba kada a ba shi wake, masara ko duwatsun ado, domin yana iya cusa su a hanci ko ya haɗiye.

Abin da ya fi wuya ga iyaye shi ne riƙe hannunsu. Idan yaro ya zana gida da ƙofa a sama, kada a karɓe burushin a gyara masa, a tambaye shi wanda ke zaune a ciki, domin a cikin amsarsa ne yake koyon tsara magana. A sa masa tsohuwar riga, domin kurkum ba ya saurin fita daga tufafi, a shimfiɗa buhu a tsakar gida, minti 20 zuwa 30 sun isa. Ruwan zoɓo da gam ɗin sitaci suna lalacewa cikin kwana ɗaya ko biyu a lokacin zafi, saboda haka a riƙa haɗa daidai abin da za a yi amfani da shi a ranar.