Yadda ake ajiye kwafin fayiloli da rsync ba tare da izini da kwanan wata sun salwanta ba

Sababbin masu amfani da Linux suna ɗauka cewa da zarar fayil ya sauka a faifan waje, aiki ya kammala. Sai ranar da aka zo mayar da kayan a tarar ba a san mai kowane fayil ba, izininsu ya hargitse, kwanan watansu kuma ya koma na ranar da aka kwafa.

Kafin ka taɓa rsync, manhajar kwafar fayiloli, duba faifan da za ka zuba kayan a ciki. Buga `lsblk -f`. Idan ka ga vfat ko exfat, dakata. Yawancin filash da tsarin nan suke zuwa daga kasuwa, kuma ba shi da gurbin rubuta mai fayil, rukuninsa ko izininsa. Rsync zai yi ta ƙorafi, ya fita da lamba 23, mutane kuma su share saƙon tunda sun ga fayilolin sun shiga. FAT32 ma, wanda `lsblk` ke nunawa da sunan vfat, ba ya ɗaukar fayil da ya kai 4GB, kuma lokacinsa na tafiya ne daƙiƙa biyu-biyu, shi ya sa rsync ke sake kwafar abin da bai canza ba. Maganin shi ne ka mayar da faifan ext4 da `mkfs.ext4`, amma fa zai goge duk abin da ke ciki, don haka ka karanta sunan faifan sau biyu. Idan dole ne a riƙa buɗe shi a Windows, dunƙule kayan a fayil ɗaya, bayanan su zauna a cikinsa:

`sudo tar --acls --xattrs -cpf ajiya.tar /home`

In faifan ya zama ext4, kuma ka haɗa shi a `/mnt/ajiya`, ga umarnin:

`sudo rsync -aHAX --numeric-ids /home/ /mnt/ajiya/home/`

Kada `-a` ya ruɗe ka. Yana riƙe izini, lokacin gyara, mai fayil da rukuni, amma ba ya haɗawa da `-H`, `-A` da `-X`. Idan babu `-H`, fayil ɗaya mai sunaye biyu zai zama kwafi biyu ya cinye wuri. `-A` na riƙe ƙarin izinin ACL (jerin izinin da ake ba wasu mutane ko rukunoni na musamman), `-X` kuma ƙarin bayanan da ke manne da fayil, irin tambarin tsarin tsaro na SELinux. Ba tare da sudo ba, wato umarnin da ke ba ka ikon shugaban na'ura, duk fayilolin da aka kwafa za su zama naka. `--numeric-ids` kuwa na hana rsync daidaita masu fayil da suna, ya bar lambobinsu yadda suke.

Lura da sandar `/` da ke ƙarshen `/home/`. Da ita, abin da ke ciki ake kwafa. In ka cire ta, za ka samu home a cikin home.

Kada ka sa `--delete`, mai goge abin da ke cikin kwafin amma babu shi a asalin, sai ka gwada da `-n`, mai nuna abin da za a yi ba tare da an yi ba, ka karanta jerin abin da zai goge. Bayan an gama, sake buga umarnin da `-nic`, wanda zai gwada abin da ke cikin fayilolin ya jero bambance-bambance ba tare da ya kwafi komai ba. Idan bai fito da komai ba, kwafin ya dace. Ctime kam, wato lokacin da bayanan fayil suka canza na ƙarshe, ba ya kwafuwa, tsarin ne ke sa shi da kansa.