Yadda mara ƙarfi zai shiga inshorar lafiya ta kyauta a Katsina

Jama'a abin yana damuna, a unguwanninmu sai ciwo ya kwantar da mutum sannan a fara yawon neman rance ko a kai akuya kasuwa, alhali akwai tsarin da gwamnati ke biya wa talaka kuɗin asibiti, mutane ne kawai ba su da labari. Kuɗin daga asusun BHCPF yake fitowa, wato asusun gwamnatin tarayya na kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta kafa, ana ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, sannan a 2022 marigayi Buhari ya sa hannu a dokar NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda ta ƙara tanadi na musamman don marasa galihu. A jiharmu hukumar KATCHMA, wato hukumar inshorar lafiya ta jiha, ce ke yin rijista.

Waɗanda aka yi abin dominsu su ne mata masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi, naƙasassu, da duk talakan da ba shi da halin biya. Ma'aikaci mai albashi ba nasa ba ne, shi nasa tsarin daban ne, daga albashi ake cire masa.

Ka fara da NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. Nan ne mutanen ƙauye suka fi faɗuwa wallahi, a zo rijista a tarar maigida kaɗai ke da lamba, uwargida da yara babu, don haka a kai kowa a yi masa tun yanzu har jarirai.

Daga nan ka je ƙaramin asibitin mazaɓarku ka tambayi shugaban asibitin ko suna cikin tsarin, kuma yaushe za a ɗauki sababbin mutane, don ba kullum ake yi ba, gurabe ake bayarwa. Ka sanar da mai unguwa da kansila halin da gidanka ke ciki, don sau da yawa daga jerin sunayen talakawa da gwamnati ke tattarawa ake ɗauko waɗanda za a saka. Rijistar kyauta ce, wanda duk ya ce ka kawo wani abu ya sa ka ciki to cutarka zai yi.

In katinka ya fito, asibitin da aka rubuta maka za ka riƙa zuwa, awo, haihuwa, zazzaɓin cizon sauro, gwajin hawan jini da suga. In ciwon ya fi ƙarfinsu su za su ba ka takardar zuwa babban asibiti, kar ka wuce kai tsaye ba takarda, aljihunka zai biya.