Yadda ake gyara tiredin da ya lalace a ƙarafan sitiyari

Tiredi shi ne haƙoran da ke zagaye da ƙarfe, waɗanda noti ke hawa a kansu. Yawancin tiredin da ke lalacewa a ƙafar mota guduma ce ke kashe shi, ba tsufa ba. An kwance notin tayarod, wato ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, ƙarfen ya ƙi fita daga gurbinsa saboda gindinsa a tsuke yake, sai yaron gareji ya ɗauki guduma ya riƙa sara masa a ka. Ƙarfe ya fita, amma kansa ya baje, haƙora biyu ko uku na farko sun kwanta, noti ya ƙi hawa. Sauran dalilan su ne tsatsa, da ɗora noti a karkace sannan a bi shi da injin ɗaure noti na iska.

Kafin ka taɓa komai, ka tantance wace irin lalacewa ce, domin a nan aikin yake. Ka wanke wurin da kalanzir, ka goge da burushin waya, ka haska da tocila. Idan haƙoran kwanciya kawai suka yi, ƙarfensu yana nan, ana iya tayar da su. Idan kuwa sun cinye, ka ga wurin ya yi sumul, ko zaren ƙarfe yana fitowa a cikin notin, babu gyara. Haka nan in ƙarfen ya lanƙwashe, ko ya tsage, ko ƙwallon tayarod ɗin yana lilo. Wannan sai sabo. Magagari da dayis (abin yanka tiredi a jikin bolti) ba sa ƙara ƙarfe, ragewa suke yi, kuma wannan noti ɗaya shi ne ke riƙe da taya a kan umarnin sitiyari. In ya zare mota tana gudu, tayar ta karkata inda ta ga dama.

Ga ma'auni mai sauƙi: wurin da noti zai zauna bayan an ɗaure, dole haƙoransa su kasance cikakku gaba ɗaya. Lalacewar da ke saman, inda noti zai wuce ta kawai, ita ce ake gyarawa.

To, a ce an dace lalacewar ta sama ce. Ka ɗaga motar da jak, ka tokare ta da abin tokara mai ƙarfi, kada ka dogara da jak kaɗai, sannan ka cire taya.

Abu na gaba shi ne sanin girman tiredin. Motocin Japan da suka cika hanyoyinmu, irin su Toyota da Honda, ma'aunin milimita suke amfani da shi, kuma a sitiyari galibi ƙananan haƙora ne masu yawa. Za ka riƙa haɗuwa da M12×1.25 da M14×1.5. Lambar farko kaurin ƙarfen ne, ta biyu kuma tazarar da ke tsakanin haƙori da haƙori. A nan mutane ke faɗawa rami, domin M12 na gama-gari da ake sayarwa a shagon noti tazararsa 1.75 ce. Zai hau zagaye ɗaya ko biyu sannan ya cije, mai gaggawa ya ɗauka tsatsa ce ya danna da sifana, ya ƙarasa kashe abin da ya rage. In kana da ma'aunin tiredi mai kama da mataji, ka gwada. In babu, ka jera haƙoran wani bolti da ka san girmansa a kan na motar, ka duba ko haske yana wucewa tsakaninsu. A wasu manyan motoci da jif, ɗaya gefen tayarod tiredinsa na hagu ne, wato ta hannun hagu ake ɗaure shi, don haka ka lura da inda haƙoran suka karkata.

Yanzu ka fara da kan da ya baje. Da magagari mai faɗi ka zagaye bakin ƙarfen, kana ɗan karkata hannu, har kumburin ya tafi bakin ya ɗan tsuke. Kada ka yi zurfi, musamman kusa da hudar da fin, wato siririn ƙarfen da ke hana noti warwarewa, ke shiga.

Daga nan sai haƙoran kansu. Akwai magagarin tiredi na musamman, mai kusurwa huɗu, kowane ƙarshe da fuska huɗu, wato girma takwas a jiki ɗaya. Ka zaɓi fuskar da ta dace, ka zaunar da ita a cikin haƙora masu lafiya ta yadda za ta ratso kan waɗanda suka kwanta, ka riƙa turawa gaba a hankali kana zagaya ƙarfen. Masu lafiyar su ne ke yi wa magagarin jagora. Wanda bai da shi zai iya amfani da ƙaramin magagari mai kusurwa uku, tunda kusurwarsa digiri 60 ce, daidai da ta tiredin milimita. Sai dai yana son haƙuri, rami ɗaya bayan ɗaya.

Dabarar da na fi so a irin wannan aiki ita ce ta raba noti. Matsalar dayis ita ce daga sama yake farawa, inda haƙoran suka lalace, kuma in ya hau a karkace zai yanka sabuwar hanya a kan tsohuwa. Don haka ka nemi noti mai tauri, daidai girman, ka yanka shi gida biyu da zarto. Ka share bakin yankan, ka haɗa ɓangarorin biyu a ƙasa, a kan haƙora masu lafiya, ka kama su da filaya mai kullewa, ka ɗiga mai, sannan ka warware shi zuwa sama. Yana tahowa daga tiredi na gaskiya, yana miƙar da na kwance a kan hanyarsu ta asali. Ka maimaita kana ƙara matse filayar kaɗan-kaɗan. Bayan wannan ne dayis yake da amfani, don ƙarasa sharewa: ka ɗora shi da hannu, rabin zagaye gaba, ka dawo baya kaɗan ya zubar da garin ƙarfe, da mai a kowane lokaci. In ƙwallon yana juyawa tare da dayis ɗin, wasu tayarod suna da gurbin ƙaramin makulli a kansu don riƙewa.

Tiredin ciki, kamar na jikin tayarod inda rak-en (sandar da ke fitowa daga akwatin sitiyari) ke shiga, taf, wato abin yanka tiredi a cikin rami, ake zura masa, a shafa giris a ramukansa don ya kwaso garin ƙarfen. In kuma ramin bolti ne ya cinye a jikin alminiyam, kamar na famfon sitiyari, ana sa masa zoben Helicoil, wato naɗaɗɗiyar waya da ke zama sabon tiredi a cikin ramin. Amma ba a yin wannan a tayarod.

Sandar da kan sitiyari ke zama a kai ma tana bajewa in an doke ta don a zare sitiyarin, kuma gyaran ɗaya ne. Bambancin kawai, in motar tana da jakar iska mai kumbura a lokacin haɗari, ka cire igiyar batir ta negatib ka jira lokacin da littafin motar ya ce kafin ka kwance komai, kuma ka rufe wurin da tsumma don garin ƙarfe kada ya shiga wayoyin.

Abu biyu ban yarda da su ba, duk da ana yin su. Na farko, cika wurin da walda a kai wa masu tana, wato masu injin sassaƙa ƙarfe, su yanka sabon tiredi. Zafin walda yana canza taurin ƙarfen, ga kuma ƙwallo da giris da robarsa a kusa. Na biyu, yanka shi zuwa ƙaramin girma. Tayarod ba kayan da ake nema a rasa ba ne a kasuwannin Ƙofar Ruwa ko Panteka, kuma kuɗinsa bai kai na gyaran gaban mota ba.

Gwajin aikin shi ne sabon noti ya shiga da yatsu har ƙasa, babu cijewa babu girgiɗi. In yana rawa a kan haƙoran, an ci ƙarfe da yawa, a canza. Ka wanke man da ka ɗiga, gindin da ke shiga gurbi ya zama busasshe, ka ɗaure da sifana mai ma'auni daidai da abin da littafin motar ya ce. In tsagar notin ba ta zo daidai da hudar fin ba, ƙara ɗaurewa ake yi kaɗan, ba sassautawa ba. Ka sa sabon fin ka lanƙwasa ƙafafunsa. Ƙusa da wayar ɗauri da ake cusawa a wurin ba aikinsu ba ne. Noti mai roba a ciki kuwa sau ɗaya ake amfani da shi.

In aikin ya kai ga warware tayarod daga rak-en, ka ƙirga zagayen da ya yi wajen fita ka mayar da shi haka. Wannan zai kai ka wurin masu alaimen, wato masu saita tayoyi, ne kawai, sai an saita tayoyin sannan a hau babbar hanya.